Darasi: Renon Wadannin Itatuwa A Tukunya, Sana'ar Da Jarinta Haƙuri Ne

Annobar ruɓewar citta da ta auka wa gonakin Kachiya da Jaba da Kagarko a shekarar 2023 ta nuna wa 'yan kasuwar Kudancin Kaduna hatsarin dogara ga haja guda. Daga cikin ƙananan sana'o'in da mutum zai iya riƙewa a bayan ɗakinsa akwai renon wadannin itatuwa, wanda Japanawa ke kira bonsai, watau shuka a cikin faranti.

Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, amma a Japan ta bunƙasa. Itacen na yau da kullum ne, sai dai ana datse saiwarsa da rassansa har ya tsufa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Darajarsa kuwa tana ƙaruwa da shekarunsa. Akwai wani da ake reno tun 1625, ya tsira daga bom ɗin Hiroshima na 1945, aka ba Amurka shi kyauta a 1976, yana nan a birnin Washinton.

Ba sai an sayo iri daga waje ba. Cediya da durumi suna kamawa daga reshe, kuma suna jure yanka. Tsamiya tana da ƙananan ganye masu dacewa da ƙaramin jiki. Kuka tana yin kauri da ban sha'awa, sai dai in ta kaɗe ganye da rani dole a rage mata ruwa, in ba haka ba saiwarta ta ruɓe.

Da farko a bar dashen ya yi ƙwari a ƙasa ko a babban mazubi shekara biyu zuwa uku. Da faɗuwar damina a tono shi, a yanke uwar saiwar, a dasa a tukunya marar zurfi mai huji a gindi. A haɗa burji da rairayi da ruɓaɓɓen taki, domin yankin Kafanchan yana da yawan ruwan sama, ƙasar da ke riƙe ruwa kuwa takan kashe dashe. Sa'an nan a naɗe rassan da wayar tagulla a lanƙwasa su sannu a hankali, a kwance ta kafin ta ci ɓawo. Da hunturu a duba damshin tukunyar safe da yamma. Bayan kowace shekara biyu ko uku a sake ƙasa, a rage saiwa.

Ta fuskar ciniki, masu saye su ne otal-otal da bankuna da ofisoshi da masu hannu da shuni, kuma Kafanchan ba ta da nisa da Jos da Abuja. Amma itacen da zai kai a yi masa ciniki mai kyau yakan ci shekara biyar ko fiye. Saboda haka kada ɗan kasuwa ya ci bashin banki dominsa. Dabarar ita ce ya haɗa da renon dashen mangwaro da lemo da furanni, waɗanda ke kawo kuɗi kowace damina, su riƙa biyan ruwa da tukwane. Ya kuma dasa sababbi duk shekara, yadda in na fari suka isa sayarwa hajar ba za ta yanke ba.

Abu biyu ne za a kiyaye. Tonon itace a gandun dajin gwamnati, kamar na Nimbiya, ba da izini ba laifi ne. Fitar da dashe ƙasashen waje kuma sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar killace kayan gona ta tarayya.

Mai son gwadawa ya fara da tukwane goma, ya riƙa rubuta ranar dasa kowanne, domin shekarun itacen su ne abin da mai saye zai biya.