Miyar Tumatir da Aikatau Aji na Bakwai

Ɗalibai da dama kan ɗauki aikatau mai ƙarewa da -u, irin su soyu da niƙu, a matsayin takwaran siga ɓoye-mai-aiki ta Faransanci. Wannan kuskure ne, kuma madafin gida ya isa ya gyara shi.

A shekarar 1960 F. W. Parsons ya karkasa aikatan Hausa zuwa azuzuwa bakwai, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Aji na bakwai yana ƙarewa da gajeren -u, karinsa ƙasa-sama idan gaɓa biyu ce, kuma ba ya ɗaukar karɓau.

A ɗauki misalin uwargida a Maraɗi wadda ta sayo ɗanyen tumatir na noman rani daga fadamar Jiratawa, za ta yi miyar taliya. Da farko za ta wanke shi, ta haɗa da tattasai da albasa, ta niƙa. Idan ta murza da yatsa ta ji babu ɓarzo, sai ta ce ya niƙu. Daga nan ta ɗora markaɗen a wuta babu mai, har ruwan ya tsane, tsamin ya ragu. Sannan ta zuba man gyaɗa ta soya. Ba za ta ce miya ta soyu ba sai ta ga mai ya taso sama, jan ya yi duhu.

A nan ne bambancin yake. “An soya miya” labarin aiki ne kawai, ko an yi shi da kyau ko an yi ha’inci. “Miya ta soyu” kuwa hukunci ne: aikin ya kai matuƙarsa. Shi ya sa ake iya cewa “an soya, amma ba ta soyu ba” ba tare da tufka da warwara ba. Mai fassara da ya mayar da jimlolin biyu siga guda ya zubar da ma’anar.

Wannan aji yana da fuska ta biyu. A lokaci na ci-gaba, musamman da korewa, yana nuna yiwuwa. Idan damina ta yi, ɗanyen tumatir ya yi tsada, aka koma ga busasshe, akan ji ana cewa “ba ya niƙuwa sai an jiƙa”, wato ba ya yiwuwa a niƙa shi.

Akwai kuma batun furuci. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri kan furta hw a gaban a, da h a gaban sauran wasula, a gurbin f: dahwa, dahu. Baƙin ya sauya, amma ajin da ma’anarsa suna nan.

Aikin gwaji: ɗalibi ya tsara yanka, tuƙa da dama a aji na bakwai, ya faɗi alamar da mai girki ke dubawa kafin ta yi amfani da kowanne.