Darasi na 21: Mai Gadin da Ba Ya Barci

Malanbil babban gari ne a arewacin ƙasar Benin, cikin jihar Alibori. Yana bakin kogin Kwara. A ƙetaren kogin akwai garin Gaya na ƙasar Nijar. An gina gadar da ke tsakaninsu a shekarar 1958. Kasuwar Malanbil tana cikin manyan kasuwannin ƙasar. Ana sayar da albasa da shinkafa da masara da kifi. Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna cin wannan kasuwa.

A wata unguwa kusa da kasuwa akwai gidan wani mai sayar da shinkafa. Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa da ƴaƴansa uku. Babban ɗansa ya koyi aikin lantarki a Paraku. Ƙannensa suna ce masa Yaya. Ƙaramarsu kuwa, Auta, tana aji biyar. Ɗakin ajiyar shinkafa yana manne da ɗakin girki.

Baba yana tsoron gobara ƙwarai. Bai manta da wutar da ta ci wani sashe na kasuwar Dantokpa ta Kwatano a shekarar 2015 ba. Ya kuma ji labarin gobarar da ta tashi a wani wurin ajiyar fetur a Seme-Karake a watan Satumba na 2023, inda fiye da mutum 30 suka rasu. Kullum yakan ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Wata rana ya dawo daga Kwatano da wata ƴar na'ura fara, mai kama da faifai. Na'urar jin hayaƙi ce. Ya kafa ta a ɗakin girki. Da gari ya waye Inna ta hura wuta za ta dama koko. Hayaƙi na tashi sai na'ura ta ɓarke da ƙara. Da rana ta sake, da yamma ma haka. A kwana na uku Inna ta gaji. Ta taka turmi, ta cire mata pil, wato batir.

Da Yaya ya gani sai ya ce, "Inna, na'urar ba ta yi laifi ba. An dai ajiye ta inda ba wurinta ba. Ɗakin girki ba ya rabuwa da hayaƙi, ga kuma ƙurar hunturu. Na'urar jin zafi ce ta dace da nan." Ya cire mai jin hayaƙi, ya mayar mata da pil, ya kafa ta a ɗakin da yara da Kaka suke kwana. Bayan mako guda ya kawo mai jin zafi, ya kafa a ɗakin girki.

Yadda na'urar take aiki

Auta ta ce, "Yaya, abu ba shi da fata, yaya zai ji zafi?"

Yaya ya ɗauko wata kwalba wadda murfinta na ƙarfe ya ƙi buɗuwa. Ya tsoma murfin cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci. Ya murɗa, sai ya buɗe. Ya ce, "Kin gani? Ƙarfe in ya ji zafi yakan ɗan ƙara girma. Amma kowane irin ƙarfe da gwargwadon ƙaruwarsa. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe ƙaruwa."

A cikin wasu na'urorin akwai siraran ƙarafa biyu da aka manne su baya da baya, ɗaya tagulla, ɗaya baƙin ƙarfe. In zafi ya taɓa su, tagulla takan fi tsawo. Tun da a manne suke, dole su lanƙwasa. In sun lanƙwasa sai su taɓa wata waya. Lantarkin pil ya samu hanyar wucewa, ƙararrawa ta kama ƙara. A wasu kuma akwai ɗan gutsuren ƙarfe mai saurin narkewa. Sababbin na'urori suna da wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gero, mai auna zafi da lantarki.

Ana auna zafi da digiri. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Na'urorin jin zafi iri biyu ne. Ta farko tana jira sai zafin ɗaki ya kai wata iyaka, yawanci wajen digiri 58. Ta biyu tana lura da saurin hawan zafi. In zafi ya ƙaru da kamar digiri 8 cikin minti ɗaya, sai ta yi ƙara, domin rana ba ta ɗumama ɗaki da irin wannan sauri. Akwai na'urorin da suka haɗa aikin biyu.

Iska mai zafi sama take tashi. Shi ya sa ake kafa na'urar a rufin ɗaki, wajen tsakiya, nesa da kusurwa da taga. Amma a Malanbil zafin bazara yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Saboda haka Yaya ya kafa na'urar a jikin silin, bai manna ta da kwano ba. Inda babu silin, ana neman wadda ba ta ƙara sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1902 wani mutum mai suna George Andrew Darby, a birnin Bamingam na Ingila, ya yi rajistar na'urar jin zafi mai aiki da lantarki. A ƙasar Faransa kuwa, tun shekarar 2015 doka ta wajabta sa na'urar jin hayaƙi a kowane gida.

Daren hunturu

Wata rana da dare, cikin hunturu, Inna ta gama tuyar ƙosai. Ta bar gawayi a murhu, tana tsammanin ya mutu. Can tsakar dare iska ta shigo ta taga, ta hura garwashi. Tartsatsi ya faɗa kan tarin kara da ke gefe. Wuta ta kama. Kowa yana barci, ƙofofi a rufe saboda sanyi.

Zafi ya taru a rufin ɗakin girki. Sai na'ura ta tsage da ƙara. Auta ce ta fara farkawa. Ta yi ihu, "Baba! Inna! Gobara!" Baba ya fitar da yara waje. Inna ta kamo hannun Kaka. Yaya ya kashe lantarkin gida, ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 118. Maƙwabta suka fito da bokitai. Wani yaro ya nufi kaskon mai da ruwa, sai Yaya ya daka masa tsawa, "Kada ka zuba ruwa kan mai! Kawo yashi!" Suka rufe kaskon da yashi, suka watsa wa kara ruwa. Kafin mota ta iso, wuta ta mutu.

Taga ta ƙone, silin ya yi baƙi. Amma ko buhu ɗaya na shinkafa bai taɓu ba, kuma ba wanda ya ji ciwo. Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe wannan ɗan faifai mai gadi ne." Inna ta dubi Yaya ta ce, "Daga yau ba na ƙara cire wa kowace na'ura pil."

Abin tunawa

1. Na'urar jin zafi ta dace da ɗakin girki, da garejin mota, da wuri mai ƙura.
2. Na'urar jin hayaƙi ta fi saurin faɗakarwa. Ita ake sa wa a ɗakin kwana, domin hayaƙi yakan kashe mai barci tun wuta ba ta iso shi ba.
3. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya kowane wata. A sake pil in ya yi sanyi. A sake na'urar bayan shekara 10.
4. Kada a shafa mata fenti, kada a rufe ta da tsumma.
5. Na'ura ba ta kashe wuta, faɗakarwa kawai take yi. A kashe garwashi kafin a kwanta. Kada a ajiye fetur a ɗaki.
6. In ta yi ƙara, a fita waje nan da nan. In akwai hayaƙi, a fita da rarrafe. Kada a koma ɗauko kaya.

Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi da Faransanci

gobara: l'incendie
zafi: la chaleur
hayaƙi: la fumée
na'urar jin zafi: le détecteur de chaleur
ƴan kwana-kwana: les sapeurs-pompiers

Tambayoyi

1. Wane gari ne yake ƙetaren kogi daga Malanbil?
2. Me ya sa Inna ta cire wa na'urar farko pil?
3. Me yake faruwa da ƙarfe in ya ji zafi?
4. Don me ake kafa na'urar a rufin ɗaki?
5. Me ya sa Yaya ya hana zuba ruwa kan kaskon mai?
6. Zafin wani ɗaki ya tashi daga digiri 30 zuwa 48 cikin minti 2. Digiri nawa ya ƙaru a kowane minti? Na'ura iri ta biyu za ta yi ƙara?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zana taswirar gidansu. Ya nuna inda ake hura wuta, da inda ya kamata a sa kowace na'ura, da hanyar fita in gobara ta tashi.