Malam, Ka Riga Mantuwa Zuwa

A shekarar 1885, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gaggawa a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya take lafawa.

Don haka, malam, in ka koyar da lissafin sau bakwai ranar Litinin, kada ka jira jarrabawa. Ran Talata ka ware minti biyar na farko, kowa ya rufe littafi, ka tambaya: bakwai sau takwas nawa? Bar yaro ya ɗan laluba kafin ka agaza masa, domin ƙoƙarin tunowa ke zaunar da karatu. Alarammomi sun san haka, shi ya sa ba sa wasa da tilawa. Maimaita ranar Juma'a, sannan bayan mako biyu. Don Allah ka gwada a ajinka gobe.