Yadda ake gina gidan tsafin kakanni a labarin almara

Da yawa daga matasan marubutanmu, in suka zo ƙirƙirar wata duniya ta almara, sai su kafa wa mutanenta katafaren gini mai ginshiƙai da gumakan zinariya, irin na finafinan Indiya. Mai karatu a Bungudu ko Gusau bai taɓa shiga irinsa ba, don haka ko gezau ba ya yi. Alhali kayan aikin suna nan a ƙofar gidanmu.

Fara da wurin. Maguzawan ƙasar Hausa ba su gina wa abin bautarsu benaye ba. Dutse ne, ko gindin tsamiya, ko kuka, wani lokaci ɗan fili da aka kewaye. Ga Dutsen Kwatarkwashi nan a ƙaramar hukumar Bungudu, kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, wanda ya yi suna da tsafin Magiro a zamanin da. In hanya da lafiya (ka fara tambayar mutanen gari), je ka tsaya a gindinsa da hantsi, ka sake komawa da la'asar sakaliya. Rubuta inda inuwarsa ke faɗawa, da zafin dutsen a tafin ƙafa, da yadda murya ke dawo maka in ka yi kira. Waɗannan ne tubalinka.

Sai ka san wa ake girmamawa a wurin. "Kakanni" kawai bai isa ba. Fitar da mutum ɗaya wanda ya sari garin: maharbi ne ko maƙeri, me ya kore shi daga gida, wane alkawari ya ɗauka kafin dajin ya karɓe shi. A al'adar Maguzawa kowane gida yana da kan-gida da ya gada, da dabbar da zuriyar ba ta kashewa, ba ta kuma ci. Ba zuriyar da ke labarinka irin wannan hani, ka bar mai karatu ya gano dalilinsa sannu a hankali.

Na uku, mai tsaron wurin, kuma a nan ne ya kamata ka daɗe. Tarihin Kano ya ba mu Barbushe na Dutsen Dala: wurin Tsumburbura, abin bautarsu, a kewaye yake, ba mai shiga sai shi. Ranar biki jama'a su taru a gindin dutsen da baƙaƙen dabbobi, shi ya shiga, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Dubi ƙarfin wannan tsari. Jama'a ba su taɓa ganin cikin ba, maganar mutum ɗaya suke rayuwa a kai. Kai ma kada ka yi gaggawar buɗe ƙofar. Nuna mana tsohon mai tsaron naka yana cin tuwo, yana fama da ciwon gwiwa, yana zullumin wanda zai gaje shi tunda ɗansa ya bi fatake.

Na huɗu, doka. Biyu ko uku sun wadatar: wanda ba ya hawa, ranar da ba a hawa, abin da ba a saukowa da shi. Labarinka zai tashi ne ranar da wani ya karya ɗaya, saboda fari ko saboda soyayya.

Daga nan sai suna da kirari. Ƙirƙiri naka. Kada ka ɗauki sunan gari na gaske ka jingina wa mutanensa abin da ba su aikata ba, domin jikokin masu wancan tsafi yau yawancinsu Musulmi ne, suna da mutuncinsu. Haka kuma ka tuna labari kake bayarwa, ba kiran mutane zuwa ga shirka ba. Sa wa labarin mai shakka, ko baƙon malami da ya sauka a zauren sarki, rikicin da za a yi zai ƙara masa armashi.

Kafin ka ɗora alƙalami, sayi goro ka nemi dattijo a Kwatarkwashi ko Bungudu. Durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, me kuka ji daga iyayenku game da dutsen nan?" Nemi izininsa kafin ka naɗi muryarsa a waya, kuma kada ka katse shi ko da ya yi nisa da tambayarka. Masu wannan sani suna ta ƙarewa, ka je tun suna raye.