Darasi Na 12: Sarƙar Da Ke Cikin Hatsi

Manomin Wamakko ya san rake, ya san gero, ya san shinkafar fadama. Rake da zaƙi, hatsi babu. Amma ɗauki lomar tuwo ka yi ta tauna, kada ka haɗiye. Jim kaɗan za ka ji ɗan zaƙi. Daga ina ya fito?

Ga amsa. Ganyen shuka yakan haɗa ruwa da iska, da taimakon hasken rana, ya yi wani irin sukari. Sunansa gulukos. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. In shuka za ta yi ajiya, sai ta ƙulla ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda maƙeri ke ƙulla sarƙa. Ɗaruruwa ne, har dubbai. Wannan sarƙa ita ce sitaci, wato farin garin da ke cikin hatsi. Duk inda ƙwaya biyu suka ƙullu, ƙwayar ruwa ɗaya takan fita. Doguwar sarƙa ba ta da zaƙi a harshe.

Kwancewa akasin ƙullawa ce. In ƙwayar ruwa ta koma wurin ƙullin, sai ya kwance, sukari ya fito. Amma ruwa ba ya yin aikin nan da sauri sai da mataimaki, wanda masana ke kira inzayim. Akwai shi cikin miyau, shi ya sa tuwon ya yi zaƙi. Akwai shi kuma cikin hatsin da ya tsira. A 1833 waɗansu masana biyu a Faransa, Payen da Persoz, suka fid da shi daga tsiron sha'ir.

Abincin gina jiki na cikin nama da wake da nono shi ma sarƙa ne. Ƙwayoyinsa iri 20 ne. Ciki yakan kwance su da ruwa, jiki ya sake ƙulla su.

To, ina amfanin sanin wannan? Yaron da aka yaye ba ya iya shan kunu mai kauri. Uwa ta ƙara ruwa, ciki ya cika, yaro kuwa yana ramewa. Ga dabara. A jiƙa gero ya kwana. A rufe shi da tsumma mai laima kwana 2 ko 3 har ya tsira. A shanya ya bushe sarai, a murje saiwar da tsiron a zubar, a niƙa. In ya yi fumfuna, kada a yi amfani da shi. A zuba ƙaramin cokali ɗaya cikin kunu mai kauri bayan ya ɗan huce, a dama. Nan da nan zai tsinke ba a ƙara ruwa ba. A mayar wuta ya tafasa, ya huce, a ba yaro. Yaro ya sha da sauƙi, ƙarfin abincin kuwa bai ragu ba.

Tambayoyi
1. Me ke fita in ƙwaya biyu sun ƙullu?
2. Me ke kwance sarƙar sitaci?
3. Don me garin tsiro ke tsinka kunu?