Darasin lafiya: yadda ake auna ƙarfin tsoho

Jama'a, idan an tambaye mu lafiyar baba, mukan ce da sauƙi. Gaisuwa ce mai kyau, amma ba awo ba ce. Hatsi da tiya ake auna shi. Yaro a sikeli ake ɗora shi. To tsoho fa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da me za a auna shi?

A 1963 wani likitan Amurka mai suna Sidney Katz, shi da abokan aikinsa, suka fito da wata hanya. Har yau ana aiki da ita a asibitoci. Ba ta son na'ura. Ido take so, da kaye da alƙalami. Ana duba ayyuka 6 na kullum. Aikin da mutum ya yi da kansa, a rubuta 1. Wanda sai an taimake shi, a rubuta 0.

Na farko wanka. Idan baya kawai ake cuɗa masa, 1 ne. Na biyu sa tufafi: ya ɗauko riga, ya sa, ya ɗaure zariyar wando. Na uku zuwa salanga, ya yi tsarki, ya gyara tufafinsa. Na huɗu tashi daga shimfiɗa da komawa. Wanda ya dogara sanda ya tashi, 1 ne, don sanda ba mutum ba ce.

Na biyar riƙe fitsari da bayan gida. A nan kunya take. Dattijo ba zai faɗa wa surukarsa ba, da wuya ma ya faɗa wa ɗansa. Mai wankin shimfiɗa ita ta sani. A tambaye ta a keɓe, ba a tsakar gida ba. Tsoho da yawa suna rage shan ruwa don gudun wannan kunya, kuma da zafin bazara wannan haɗari ne babba.

Na shida cin abinci. Ba girki ake nufi ba. Ko wani ya dama furar, in dai shi ya kai ludayi baki, 1 ne.

Sai a tara. Mai 6 yana riƙe da kansa. Mai 4 yana son mai taimako. Mai 2 ko ƙasa da haka, sai an tsaya kansa sosai. Yawanci wanka ne ke fara gagarar tsoho, cin abinci ne na ƙarshe.

A lura: abin da yake yi za a rubuta, ba abin da ya ce yana iyawa ba.

Awo ɗaya ba ya isa. A maimaita kowane wata, a sa kwanan wata. Idan lambar ta faɗi cikin kwanaki kaɗan, kada a ce tsufa ne. Tsufa sannu yake tafiya. Faɗuwar gaggawa alamar ciwo ce: zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko karaya, ko hawan jini da ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kai shi likita, a tafi da kayen. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi nan take, ko da dare ne.

Wanda jikinsa ya shanye yakan fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko. A nan ne tausayi ke yin ɓarna. Muna ba shi a baki, muna sa masa riga, don mu gama da sauri. Gaɓar da ba ta aiki sandarewa take yi. A bar shi ya gwada, ko furar za ta zube. A kafa masa itace mai ƙarfi a salanga ya riƙa kamawa. A ba shi kujera wurin wanka. Wanda ba ya iya juyawa kuwa, a juya shi kowace awa 2, don kada kwanciya ta ci masa baya.

Aikin santir: wata tsohuwa tana ci da kanta, tana tashi da sanda, tana riƙe fitsari da bayan gida. Wanka da tufafi da salanga sai an taimake ta. Nawa ta samu? Bayan wata 2 ta fara sa zanenta da rigarta ita kaɗai. Yanzu nawa ne? Ku rubuta amsa a allo, malami ya duba.