Taswira da Saurin Wasa a Civilization VI

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wace taswira da wane sauri suka dace da sabon ɗan wasa a wasan kwamfuta na Civilization VI?

To malam, sauri shi ne yawan zagayen wasan. Standard zagaye 500 ne, Marathon kuwa 1,500, wanda kan ci makonni. Sabon hannu ya fara da Standard.

Taswirar Pangaea ƙasa ce dunƙule guda, maƙwabta na kusa, yaƙi kan zo da wuri. Continents kuwa teku ke raba nahiyoyi, mutum ya samu sararin gina biranensa. Mai son yin wasa da Mansa Musa na Mali, wanda aka ƙara cikin wasan a 2019, ya nemi hamada, can biranensa suka fi bunƙasa.

Shawararmu dai, malam, Standard da Continents.